Gajimaren Na-Sani a Ɗakin Sanyin Uwar Kifi

Akwai wani mai gyaran firij da ya rubuta "Injiniya" da jan fenti a ƙofar shagonsa, amma duk layin ba mai kiransa da haka. Na-Sani suke ce masa, domin ba a taɓa fara ba shi labari an kai ƙarshe ba. Ko haihuwa aka yi a gidanka ka zo gaya masa, kafin ka ce mace ce ko namiji ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Aikinsa dai ba laifi. In ya gyara firij yakan yi sanyi, sai dai yakan koma gida da sukurori a aljihu waɗanda bai san daga ina suka fito ba.

Ƙanwarsa, autar gidansu, ita ce ta yi karatu mai zurfi. Mutane na ce mata Dakta, shi kuwa Auta yake kiranta har gobe. Tana aiki a wata cibiyar binciken yanayi, kuma ba ta daɗe da dawowa ba daga wata doguwar tafiya a jirgin ruwa zuwa can ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa, rana ta yi watanni ba ta leƙo ba. Ranar da ta zo gaishe su, ana cikin cin abinci, matarsa Maman Biyu ta tambaye ta abin da ya kai ta wannan uwa duniya.

"Gajimare na je dubawa, Anti," in ji Dakta. "Kin san ba ya haɗuwa haka kawai. Sai tururin ruwa ya samu abin da zai maƙale wa, ɗan burbushin gishiri da iska ta kwaso daga teku, ko ƙura, ko hayaƙi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In burbushin ya yi yawa sai gajimaren ya yi fari fat, ya mayar da hasken rana sama. Amma a can yakan kuma zama bargo, ya riƙe ɗumi a kan ƙanƙara har ta fara narkewa. Mu aikinmu shi ne mu gina duk wannan a cikin kwamfuta da lissafi, mu ga abin da zai faru nan gaba."

"Na sani," in ji Na-Sani da baki cike.

"To ga inda ya tsaya mana. Gajimaren da ke cikin kwamfuta da ya ji sanyi sai ya daskare ya zube. Na gaske kuwa, wanda na auna da hannuna, ruwa ne a cikinsa, ya ƙi daskarewa duk da wannan sanyin. Mun daɗe muna neman inda lissafin ya kauce."

Na-Sani ya ajiye cokali, ya gyara zama. "Auta, kwamfutar taki ta taɓa jin sanyi?"

"Yaya, lissafi ne fa."

"Amsa za ki ba ni. Ta taɓa shiga firij?"

"Ba ta taɓa ba."

"To ina za ta san halin sanyi? Ni tun kina rarrafe nake cikinsa. Wannan abin da ya gagare ku, da yamma ɗaya zan haɗa miki shi, ki leƙa da idonki ki ga ko ruwa ne ko ƙanƙara."

"Firijin ɗakin girkina tun bara yake kukan akuya," in ji Maman Biyu.

"Wannan ƙaramin aiki ne, shi ya sa ban kula shi ba."

Dakta ta yi dariya ta ɗauka hira ce. Ba ta san ta kunna wuta ba.

Washegari da Maman Biyu ta tafi kasuwa, Na-Sani ya buɗe babbar firizar gidan, ya kwashe kaji da nama ya jibge a ƙasa. Ya zura kansa ciki har kafaɗa, ya hura numfashi, ya ƙyasta ashana ya kashe, sannan ya haska tocila. Sai ga wani ɗan farin hazo yana juyawa a hankali a ƙasan firizar. Ya sake hurawa, hazon ya ƙaru. Haka matar ta dawo ta tarar da shi, ƙafafu kawai a waje.

"Maman Biyu, zo ki ga gajimare," ya ce daga ciki.

Ta ajiye kwando ta leƙa. "Hucin bakinka ne."

"Na saman ma haka yake farawa."

"Bakin wa ke hura na saman?"

"Ke dai ba ki da ilimin abin."

"Ina da ilimin kajina da ke zubar da ruwa a kan dardumata. Fito."

Ya fito da ƙanƙara a gashin baki, amma zuciyarsa ta riga ta tafi. In firizar gida ta ba da gajimare kamar hula, to ɗaki guda fa?

Kafin azahar duk layin ya ji. A bencin ƙofar Tela ya yi shelar, inda masu shaguna ke zama in ciniki ya lafa. Tela, wani siriri mai allura a bakinsa kullum, ya tambaya ko gajimaren da ruwa zai zo. Mai Guga kuwa hankalinsa ne ya tashi.

"In dai za ka yi, don Allah kada ka yi ranar da na shanya zannuwan gadon otal."

"Zan duba," in ji Na-Sani da nauyin murya, kamar wanda makullin sama ke aljihunsa.

Ɗakin sanyi ɗaya ne a layin, na Uwar Kifi, wata ƙatuwar mace mai sayar da daskararren kifi katan-katan, wadda ba a cika ganin haƙoranta ba. Na-Sani ne ke duba mata injin ɗakin, don haka ya shiga wurinta kai tsaye.

"Uwar Kifi, ɗakin sanyinki nake so ki ara mini na yamma ɗaya."

"Me za ka yi da shi?"

"Ƙarshen duniya zan kawo cikinsa."

"Je ka kawo shi a gidanka."

Da ƙyar ya fahimtar da ita cewa ƙarshen duniya na wajen arewa yake nufi, ba tashin kiyama ba. Ya ce manyan masana za su zo, za a ɗauki hotuna, sunan shagonta zai kai inda kifinta bai taɓa zuwa ba. Ta kalle shi sama da ƙasa, sannan ta ce, "Kifina ko ɗaya kada ya ji a jikinsa."

"Ba zai ma san an yi ba."

Manyan masanan kuwa sai da ya je ya nemo su. Ya sa rigarsa ta zuwa biki ya tafi cibiyar su Dakta ba da saninta ba, ya nemi shugabanta, wani dattijo da ake kira Farfesa, ya zauna ya cika shi da bayani. Da yamma wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya, me ka je ka gaya wa shugabana?"

"Gaskiya."

"Ya ce ka ce kai ka koya mini aikin."

"Wa ya koya miki buɗe firij?"

"Yaya, ka dubi girman Allah. Kwanan nan za a zauna a kan aikina, a yanke ko za a sake tura ni da jirgin. Shi ne zai sa hannu. In ka kunyata ni a gabansa na shiga uku."

"Ya ce zai zo?"

"Ya ce zai zo ko da ba a ba shi kujera ba."

"To ki sa kaya masu kauri," in ji Na-Sani, ya kashe waya.

Sai haɗa kaya. Gishirin teku dai gishiri ne, don haka ya ɗebi na ɗakin girki ya zuba a injin niƙan Maman Biyu don ya yi laushi. Ya ga ɗan ja-ja a gindin injin, amma bai wanke ba, kada ruwa ya jiƙa masa gishiri. Bai tambaya ba, ba a kuwa gaya masa cewa busasshen barkono aka gama niƙawa a ciki ba. Ya karɓo hoda wurin mai aski a matsayin ƙura. Ya ari tukunyar tururin Mai Guga mai aiki da lantarki, ya ɗaura mata dogon tiyo. Ya tattaro fankokin maƙwabta su zama iskar teku. Duk ya jona su a soket ɗaya da injin ɗakin, ya naɗe da salatif. Da safiyar ranar da aka sa kuma, Uwar Kifi na can gaban shago tana ciniki, ya yi ta shiga da bokitin ruwa yana kwararawa a daɓen ɗakin, domin ai ba a yin ƙarshen duniya babu daskararriyar teku.

Da la'asar ƙofar ɗakin sanyi ta cika. Masu shaguna sun rufe, mata sun fito da goyo, har masu wucewa sun tsaya. Na-Sani ya fito sanye da bargon da ya huda wa tsakiya ya zura kai, da hular kwano, da safar hannun da Maman Biyu ke sauke tukunya da ita, da baƙin gilashin masu walda.

"Gilashin fa?" in ji Tela.

"Hasken ƙanƙara na kashe ido."

"Ai fitila ɗaya ce a ɗakin."

"Ka taɓa zuwa can?"

Motar cibiya ta tsaya. Farfesa ya fito, gajere mai furfura, idanunsa na ƙyalli kamar yaron da aka kawo kallon wasa. Dakta na bayansa, fuskarta kamar mai rakiyar gawa. Aka ce manya su shiga. Mai Guga zai tsaya a waje da tukunya. Maman Biyu ta harɗe hannuwa ta ce ita a nan za ta tsaya, ya kamata a rage wanda zai ba da labari.

Tela ne ya fara sa ƙafa. Bai kai ga taka ta biyu ba. Ya tafi suuu da hannuwa a buɗe har bangon ƙarshe, ya rungume wani buhun kifi.

"Wannan ita ce tekun," in ji Na-Sani.

"Wa ya zuba mini ruwa a ɗaki?" in ji Uwar Kifi, ta kama ƙofa da hannu biyu.

"Shigo a hankali, kifinki ai gida ya dawo."

Farfesa ya shiga yana riƙe da hannun Dakta, yana jan ƙafa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Uwar Kifi ta bi bango ta je ta tsaya gaban katan-katan ɗinta kamar soja. Na-Sani kuwa, da yake ba ya gani sosai ta cikin gilashin, ya yi karo da tiyo, ruwan ɗumin da ya taru a bakinsa ya wanke masa bayan wando. Bai kula ba. Ya laluba ya samu wani babban daro na ƙarfe cike da kifin da ya daskare ya zama dutse guda, ya hau kai ya zauna kamar alƙali.

"Jama'a, abin da kwamfuta ta kasa, yau za ku gani. Mai Guga, saki tururi."

Tiyo ya yi tari, ya fara aman tururi. Nan take farin hazo ya taso, ya cika ɗakin tun daga daɓe har rufi. Mutanen ƙofa suka ɗauki salati da tafi. Farfesa ya miƙa hannu cikin hazon ya ce, "Lallai kam, wannan hazo ne." Na-Sani ya ji kansa ya yi girma har hular kwano ta matse shi.

"Ranka ya daɗe, ai ba a fara ba. Yanzu za a sa burbushi. Auta, buɗe idonki da kyau."

"Yaya, me ke cikin kwanon nan?"

"Ilimi."

Ya kunna fankoki, ya juye kwanon gaba ɗaya a gabansu.

Tela ne ya fara atishawa. Ƙarfinta ya kwashe ƙafafunsa, ya zauna daɓas. Farfesa ya yi tasa, hularsa ta tashi ta ɓace cikin hazo. Dakta ta toshe hanci da gyale, hawaye na zuba. Uwar Kifi ta yi wata irin atishawa da ta sa katan ɗin sama ya zamo ya fashe, kifaye suka watsu suna gudu a kan ƙanƙara kamar sun samu rai.

"Barkono ne," ta ce tana shaƙewa. "Barkono ka watsa mini a kan kaya."

"Gishirin teku ne, haka yake da kaifi," in ji Na-Sani, shi ma hancinsa na zuba.

Fankokin suka tura jan hazon ta ƙofa. Waɗanda suka yi ta turereniya don su samu gaba suka fara turereniyar komawa baya. Layin gaba ɗaya ya ɗauki atishawa, manya da yara, har akuyar da ke ɗaure a gindin falwaya.

Na-Sani ya ga abin na neman kuɓuce masa, sai ya yanke shawarar ƙara masa ƙarfi. "Mai Guga, ƙara wuta. Tururi zai kwantar da shi."

Mai Guga, idanu a rufe, ya murɗa abin har ƙarshe. Soket ya yi tartsatsi, wani abu ya yi ƙara a can kan falwaya, fitila ta mutu, fankoki suka tsaya. Wutar layin duka ta ɗauke.

Cikin duhun aka ji muryar Na-Sani. "Kada kowa ya tsorata. Wannan shi ne daren nan da ake watanni ana yi. Yana cikin tsari."

"Injina ya tsaya," in ji Uwar Kifi a hankali. Wannan sanyin muryar ya fi ihu ban tsoro.

Tukunyar kuwa ba ta san an ɗauke wuta ba, ta ci gaba da huro sauran tururin da ke cikinta. Ɗumi ya bugi rufi, ruwa ya fara ɗiga a kan kowa.

"Ga ruwan sama kuma," in ji Na-Sani, amma muryar ta fara sirancewa.

"Yaya, yi shiru haka nan," in ji Dakta. Ta kunna fitilar wayarta, ta ce wa Mai Guga ya janye tiyo ya wangale ƙofa, ta ce kowa ya durƙusa ya fita da rarrafe. Haka aka yi. Farfesa ya fito da gwiwoyi, ba hula, kifi ɗaya a aljihun rigarsa wanda bai san lokacin da ya shiga ba. Tela ya biyo shi. Uwar Kifi ta fito a tsaye, don ta rantse ba za ta yi rarrafe a ɗakinta ba.

Saura Na-Sani.

"Yaya, fito mana."

"Ina zuwa. Ina duba wasu abubuwa."

Ya yunƙura, ya ji an riƙe shi ta baya. Ya sake yunƙurawa, daron ya ɗan ɗaga ya koma. Jiƙaƙƙen wandon da gefen bargon sun daskare sun haɗe da dutsen kifin, sun zama abu guda.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, "kirawo mini Tela. Kada ki yi hayaniya."

Tela da Mai Guga suka koma ciki suka ja shi ta hannu, ya ce za su cire masa kafaɗa. Sai suka zagaya baya suka tura daron. Ƙanƙarar daɓen ta riga ta fara narkewa, ta yi santsi kamar sabulu. Daron ya kuɓuce musu, ya fita ta ƙofa da Na-Sani a kai, ya bi gangaren da ake turo baro, ya ratsa tsakiyar taron yana juyawa, bai tsaya ba sai a gaban Maman Biyu.

Ta dube shi daga hular kwano har daro. "Sannu da dawowa, Maigida. Ya hanya?"

Dariyar da aka yi ta haɗu da atishawa, har wasu suka zauna a ƙasa.

"Cire wandon kawai," in ji ta.

"A gaban jama'a? Ina da baƙi."

Mai Guga ya ce da akwai wuta da ya sa masa dutsen guga. Uwar Kifi ta ce kada wanda ya kuskura ya zuba ruwan zafi a kan kifinta. A ƙarshe Tela ya ɗauko almakashi ya durƙusa a bayansa.

"Kada ka motsa."

"Ka yanka daidai, wandon fita ne."

"Zan bar maka abin kalmasa."

Ya zagaye shi tsaf. Na-Sani ya miƙe, bayan wandon da rabin bargon suka zauna a kan kifi. Dakta ta kawar da kai. Maman Biyu ta fizgo wani kwalin kifi da aka fasa ƙasansa, ta zura masa ta ka har ƙugu, ya riƙe da hannu biyu.

A haka Farfesa ya matso, yana share hawaye da hannun riga.

"To, Injiniya, mun sha wuya, sai mu ji sakamako. Gajimaren naka ruwa ne a cikinsa ko ƙanƙara? Me ka gani?"

Taron ya matso kusa. Na-Sani ya ture gilashin walda zuwa goshi, ya gyara riƙon kwali, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ai ba a ganin komai a ciki. Gajimare ya rufe wurin."

Farfesa ya yi dariya har sai da ya jingina da mota. Da ya samu numfashi ya juya wurin Dakta, wadda ke neman ƙasa ta tsage ta shige.

"Ɗiyata, daina ɓoye fuska. Wadda ta fitar da mu daga ɗakin nan da ranmu, jirgi ba zai tashi ya bar ta ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki gaya wa yayanki tashar da za a hau."

Ya zaro kifin daga aljihu ya miƙa wa Uwar Kifi da ladabi, suka shiga mota suka tafi.

Uwar Kifi ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Masu gyaran wuta sun ce sai gobe, kifi kuwa ya fara sakin jiki. Ta sa aka fito da katan-katan ɗin duka aka jera a bakin titi, aka hura gawayi, ta aika gida-gida a zo da wuƙaƙe da tire, a gasa abin da za a iya cetowa. Sannan ta zo ta tsaya gaban Na-Sani, ta danƙa masa wuƙa.

"Bari in je gida in sauya wando," ya ce.

"Kifin ba zai jira wandonka ba."

Aka ɗaure masa kwalin da igiya don hannuwansa su samu aiki. Zama bai yiwu ba, saboda bayansa bai gama dawowa hayyacinsa ba, don haka a tsaye ya yi ta fiɗar kifi, tari bayan tari. Bakinsa dai bai mutu ba. Ya fara bayyana wa Tela cewa kuskuren daga fankoki ne, Tela ya ɗauki tirensa ya koma can gefe. Ya juya wurin Mai Guga, shi ma ya tuna yana da shanya. Da Maman Biyu ta kawo masa ruwan sha, ta tarar ya kai tsakiyar bayani a kan yadda gishiri ke kama tururi, yana nuni da wuƙa, ga kyanwoyin layin sun kewaye shi sun zauna a kan wutsiyoyinsu, sun ƙura masa ido, ba wadda ta katse shi.